Gidan Kawu a Ƙarƙashin Ƙauyen da Ya Tashi

Na yi shekaru ina riƙe da rajistar wata ƙungiyar manoma da ke raba iri da taki a Isa da Sabon Birni, kuma har na bar aikin ban daina jin nauyin tambaya ta biyu ba. Ta farko ita ce suna, wannan ba ta da wuya. Ta biyu ita ce, "Daga ina?" Mutum zai zauna a kan benci a gabana, damina uku yana kwana a bayan kasuwar Sabon Birni, a can ma aka yaye ƙaramin ɗansa, amma da na tambaye shi sai ya ambaci wani ƙauye da ko akuya ba ta rage a cikinsa ba. Ba ƙarya yake yi ba. A wurinmu inda kabarin kakanka yake shi ne garinku, inda kake kwana kuwa masauki ne kawai. Ni ma da za a tare ni a hanya a tambaye ni, amsar da zan bayar ke nan. Sai dai kwamfutar da nake bugawa a ciki ba da wannan tarbiyya ta tashi ba.

Ofishinmu ɗaki biyu ne a Isa, da sola ɗaya a kan kwano. Rana biyu a mako nakan rungumi kwamfutar in shiga motar Sabon Birni, idan an ce hanya lafiya, in zauna a wani shago da aka ara mana kusa da kasuwa. Idan an ce hanya ba lafiya, sai in zauna in yi ta kallon allo ina gyara sunayen da na riga na gyara.

Wanda ya gina mana rumbun bayanan wani injiniya ne daga Sakkwato, dogo, mai haƙuri irin na wanda ya san kwana huɗu kawai zai yi da ku. Ranar farko ya ɗauki alli ya zana mana bishiya a bango, saiwarta a sama, rassanta suna kallon ƙasa. A can sama ƙaramar hukuma. A ƙarƙashinta mazaɓu, a ƙarƙashin mazaɓa ƙauyuka da unguwanni, a ƙarƙashin ƙauye gidaje, a ƙarƙashin gida mutane. Ya ce babu abin da ke tsaye shi kaɗai a cikin rumbun nan, kowa yana rataye da na samansa. Mutum ba zai shiga ba sai yana da gida, gida ba zai shiga ba sai yana da ƙauye.

Sannan ya zo kan ƙa'idoji, kuma a nan ne ya ce mu buɗe kunne. Ya ce ƙa'ida ba ta san fuskar kowa ba. Abin da ta sani shi ne irin abin da aka ce ta duba, da sharaɗin da aka ba ta, da reshen da aka rataya ta a kai. Idan ka rataya ta a kan mazaɓa, za ta bi duk ƙauyen da ke ƙarƙashin mazaɓar, ta shiga gida-gida. Idan ka rataya ta a kan gida ɗaya, ba ruwanta da maƙwabci. Daga inda aka rataya ta zuwa ƙasa nata ne, abin da ke sama ko a gefe kuwa ba ta ganinsa. Na rubuta wannan a bayan littafina na ja layi biyu, ban kuma san cewa wata rana zan so in yaga takardar ba.

Ba mu yi mako uku ba muka ga abin da yake nufi. Akwai wata ƙa'ida da ta ce kada a sami mutum biyu masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya, don kada wani ya karɓi taki sau biyu. A kan gida ya kamata a rataya ta, sai aka yi kuskure aka rataya ta a kan ƙauye. Na buɗe kwamfuta da safe na tarar rabin mazan wajen Tozai sun koma ja. To, ƙauyen da kowa ke sa wa ɗansa sunan mahaifinsa, mahaifin ma sunan kakansa ya ci, ina za ka rasa takwarori? Wani dattijo ya zo ya tsaya a kaina yana tambayar ko na'urar so take a sake masa raɗin suna da furfurarsa. Na kira injiniya, ya yi dariya ya sauko da ƙa'idar mataki ɗaya, nan take jan ya baje. A lokacin ni ma dariya na yi, don abin bai taɓa kowa nawa ba.

Ƙa'idar da ta taɓa nawa daga baya ta zo, lokacin da ƙauyukan bayan Gatawa suka fara watsewa. Shugabannin ƙungiya suka zauna suka ce duk ƙauyen da aka tabbatar mutanensa sun gudu, a sa masa alamar "an tashi", kuma kada a fitar da iri ko taki ga wani abu da ke ƙarƙashinsa. Dalilinsu mai kyau ne, ban taɓa musun haka ba. Idan sunan ƙauye ya fito a takardar rabo, dole direba ya kai kaya can, kuma ba wanda yake son ya tura ɗan wani cikin dajin nan da buhunan taki. Aka haɗa ta da wata ƙaramar ƙa'idar shara: ƙauyen da aka yi wa alama, ranar da gida na ƙarshe ya bar ƙarƙashinsa, na'ura za ta cire shi daga bishiyar da kanta. Ba wanda ya tsaya a kan wannan ta biyun, har da ni.

Ƙauyen mahaifiyata yana cikin waɗanda aka yi wa alama. A can na yi ƙuruciyata, a hannun yayanta, Kawu, bayan rasuwar mahaifina. Shi ya koya mini riƙe hauya, shi kuma ya ƙwace ta daga hannuna ya ce in tafi boko tunda kunyata kullum a karkace take fita. Mutum ne mai tsage irin na Gobir har kusa da kunne, mai ƙaramar murya, wanda a gidansa ake auna hatsi da tiya ana ciyar da mutum sama da ashirin. Ranar da suka fito, an ƙone rumbunansa uku da irin da ya ajiye. Ya iso Sabon Birni da matarsa, wadda muke kira Inna, da tabarma biyu da buta.

Inda ya sauka shi ne ciwon. Gidan mijin 'yarsa ne, wani ɗan kasuwa mai kai kaya Nijar, mutumin kirki wanda ba shi da laifin komai sai zama suruki. Ya ware musu ɗaki da ɗan fili a gefen zaure, ya sa aka ja zana. Amma ƙofa ɗaya ce. Wanda ya san kunyar surukuta a wurinmu ya san abin da wannan ke nufi. Mijin 'yar ya koma fita tun kafin gari ya gama wayewa don kada su yi kiciɓis a zaure, idan kuma suka yi, sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa yana kallon ƙasa. Kawu kuwa ko sunansa ba ya faɗa, sai dai ya ce "mai gidan ga". Ya hana a kawo masa tuwo daga cikin gida. Inna ta kafa murhunta a bayan zana, tukunyarsu daban, ko da abin da ke cikinta bai fi ruwa da kuka ba.

Mutanen ƙauyen suka riƙa zuwa shagon ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya sami aron gona a gefen gari sai ya zo, in yi masa bayani, ya ce to a mayar da shi unguwar da yake kwana. Ni kuma in ja gidansa daga ƙarƙashin ƙauye in sauke shi a ƙarƙashin unguwa. Aikin bai fi ƙiftawar ido ba. Lambar da ke gefen sunan ƙauyen ta yi ta raguwa, har wata rana na duba na ga ɗaya.

A nan ne bakina ya jawo mini. Da yamma na biya in gaishe su kafin motar Isa ta tashi, kwamfuta a jaka. Kawu ya ce, "Malam mai na'ura, buɗe muna mu ga abin ga da kaka ɗauka awa jinjiri." Na buɗe, na nuna masa bishiyar, na gangaro har kan ƙauyenmu. Ba ya karatun boko, amma ya sa yatsa a kan layin ya ce in karanta masa. Na karanta. Ya ce wannan sandar da ke gefe fa? Na ce ɗaya ce, gida ɗaya, nasa. Da na tsaya a nan da shi ke nan. Sai na ƙara, wai ni mai ilmi, cewa shi kaɗai ya riƙe ƙauyen yanzu, ranar da ya sauka na'ura za ta share sunan.

Ya daɗe yana kallon allon. Ya ce, "Ashe ni ad dai nir rage." Na ce shi ya sa ma nake so mu yi maganar mayar da shi cikin gari, don ya sami taki. Ya ɗaga hannu ya ce, "Bari. Kak ka taɓa. Mai gari ya rasu, liman ya ƙetare Nijar. In ni ma nis sauka, wa za shi hwaɗa ma jikokinmu an taɓa yin gari nan?" Na ce Kawu, ai rubutu ne kawai a cikin inji. Ya ce, "To, bar muna rubutun."

Daga ranar ya ɗauki abin tamkar an naɗa masa rawani. Tsofaffin ƙauyen da ke zama a gindin dogonyaro bayan la'asar suka fara kiransa mai gari, da tsokana, shi kuma yana amsawa ba da tsokana ba. Damina ɗaya ta wuce a haka. Ya shuka ɗan abin da ya samu a gonar aro, ƙasar da ta gaji tun kafin a ba shi, babu taki, ya girbe abin da bai kai su tsakiyar rani ba.

Da bazara ta sake kamawa na fara neman hanya, kuma na bi kowace ƙofa. Na kira injiniya na ce a cire wa gida ɗaya wannan ƙa'ida. Ya ce ba a kan gida aka rataya ta ba, a kan ƙauye take, babu wurin da zai sa hannu ya ce ban da wane. Ko dai a cire alamar daga ƙauyen gaba ɗaya, ko gidan ya bar ƙarƙashinsa. Na je wurin ogana na ce a cire alamar. Ya dube ni ya ce idan an cire, ƙauyen zai fito a takardar direba, ni zan tuƙa motar? Gaskiya ya faɗa. Na ce to bari in buɗe wa Kawu sabon gida a unguwar, ko ba komai ya zauna da sunansa. Nan ma na ci karo da wata ƙa'idar da aka rataya a kan unguwannin cikin gari, wadda ta ce gida shi ne mai ƙofar kansa, sai mai unguwa ya shaida. An yi ta ne don kada gida ɗaya ya rabu goma ranar rabo. Na ce tukunyarsu daban. Aka ce na'ura ƙofa take ƙirgawa, ba tukunya ba.

Hanya ɗaya ta rage. A ɗauko Kawu da Inna, a sa su a matsayin mutum biyu a ƙarƙashin gidan mijin 'yarsu. Wato mutumin da ya yi shekara arba'in yana mai gida a rubuta shi a layin 'yan cin arziki, a ƙasan sunan da ko faɗarsa ba ya yi, ƙauyen kuma ya tafi. Na gaji a wannan bazarar irin gajiyar da barci ba ya maganinta. Kullum sai na buɗe layin nan in zuba masa ido in rufe.

Inna ce ta yanke maganar. Ranar kasuwa ta zo shagon da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba, ta jira har layi ya ƙare. Ta zauna a ƙasa, ta ƙi hawa benci. Ta ce, "Ɗana, kai munka rena, ba ni ɓoye ma. Tun cikin rani hatsinmu yaƙ ƙare. Ɗiyata ka miƙo man ta bisa zana in shi ya tahi masallaci. Shina ci shina cewa albarka ta ag ga ɗan abin da munka girbe." Na tambaye ta ko bai sani ba. Ta ce, "Ya sani ko bai sani ba, ni dai ban tambaya ba. Amma in anka ƙara shekara guda haka, baƙin ciki za shi kashe shi kahin yunwa. Sunan gari ba shi shiga tukunya. Ka yi abin da za ka yi, kak ka hwaɗa mai."

Na so in ce mata ba ta san abin da take nema ba, amma ta fi ni sani. Ko ta wane gefe aka bi, a ƙarƙashin surukinsa yake. Bambancin kawai, ɗaya a cikin kwano yake, ɗaya a cikin kwamfuta. Na ga gara na kwamfutar, tunda shi zai kawo masa hatsin da zai ce nasa ne.

Washegari da hantsi, a ofishin Isa, na yi. Ogana ya fita, sola tana ta ƙara, wata mai fura tana kiran ciniki a waje. Na kama sunan Kawu na ja shi zuwa gidan mijin 'yarsa, na bi da na Inna. Na'ura ta tambaye ni ko na tabbata, na ce na tabbata. Sandar nan ta koma sifili. Na tashi na sha ruwa a randa, kafin in dawo layin ƙauyen ya tafi, na sama da na ƙasa sun haɗe kamar ba a taɓa yin wani abu a tsakaninsu ba. A can na koyi tafiya, a can aka binne mahaifiyata, kuma abin bai ɗauki lokacin shan kofin ruwa ba. Ban yi kuka ba, na dai ji kunyar hannuna. Sai wani ya shigo yana neman a gyara masa lambar waya, na gyara masa.

Ranar rabo ana kiran sunaye ne gida-gida da lasifika, don haka na san ba zai yiwu Kawu ya je ba. Na sami mijin 'yar a gefe na faɗa masa. Mutumin ya ruɗe ya ce shi wallahi bai nemi wannan ba, na ce na sani. Ya karɓo kason ya ajiye a shagonmu, ni kuma na ɗaura buhun taki da ƙullin iri a bayan babur na kai wa Kawu kamar daga Isa na zo da su. Ya kwance ƙullin, ya ɗebi iri a tafin hannu yana murzawa. Irin gero ne mai saurin nuna. Ya ce, "Ƙaƙa anka yi?" Na ce an sami hanya. Ya ce, "Garin hwa?" Na ce yana nan. Ƙaryar ta fito sumul, har ta ba ni tsoro. Inna tana bayan zana tana kankare tukunyar da ba ta da datti.

Daminar ta yi kyau daidai gwargwado. Na ga Kawu ya dawo mutum. Yana fita da hauya a kafaɗa, yana dawowa da laka har gwiwa, yana faɗa da tsuntsaye, yana faɗa da mai gonar da ke iyaka da shi a kan kunya ɗaya. Da aka girbe ya gina ɗan rumbu a bayan zana, wanda bai kai rabin mafi ƙanƙanta a cikin na da ba, amma nasa ne. Ya aika wa cikin gida dami biyu, ya ce a ba yara. Na ce a raina ko ba komai na yi daidai, kuma har yau ban janye wannan ba.

Bayan kaka, wata ranar kasuwa, ina shagon ina fama da layi sai na ji sallamarsa. Ya sa babbar rigarsa, a hannunsa ƙullin sabon gero, a bayansa wani tsoho siriri da sanda. Na gane shi, limamin ƙauyenmu ne, wanda ya ƙetare Nijar, ya zo ganin dangi. Muka gaisa. Kawu ya ajiye geron a gefen teburina ya ce nawa ne. Sannan ya juya ga liman da fara'ar da na daɗe ban gani a fuskarsa ba, ya ce, "Na hwaɗa ma garinmu na nan cikin na'ura, ba ka yarda ba. Malam, buɗe mai shi gani da idonai."

Mutanen layi suka matso, don kowa yana son kallo. Na ce caji ya yi ƙasa. Wani mai shisshigi ya leƙo ya ce ai ga shi nan a cike. Na buɗe bishiyar, na gangaro mazaɓar a hankali, ina fatan ƙasa ta tsage. Kawu ya sunkuyo ya sa yatsa daidai inda ya sa a bara. Ba ya karatu, amma manomi ne, ya san inda ya bar abu. Ya bi layin sama, ya bi na ƙasa, ya nemi sandar nan ɗaya bai gan ta ba. Ya ce, "Karanta min." Na karanta sunan ƙauyen sama, na karanta na ƙasa. Ya ce, "Na tsakiya hwa?"

Sai na faɗa masa, a gaban liman da mutanen layi. Ban sa Inna a ciki ba. Na ce ni na yi, ranar kaza, don babu wata hanyar samun takin. Ya tambaye ni to shi yanzu ina yake. Na buɗe unguwar, na buɗe gidan, na nuna masa. Sunan mijin 'yarsa a sama, sai matan gida, sai yara, sai shi a ƙasan wata jikarsa da ba ta daɗe da fara tafiya ba, don na'ura a jere take sa mutane yadda suka shigo.

Na yi ta zuba kamar rediyo. Na ce injiniya ya gaya mini ba a goge ƙauyen ba, an dai kai shi ma'ajiya, duk ranar da mutane suka koma za a iya dawo da shi. Kawu ya miƙe a hankali ya gyara rigarsa. Ya ce, "Ai mu ma ba a kashe mu ba, aje mu anka yi." Ya ɗan tsaya, ya ƙara da cewa, "Waɗanda sunka ƙone rumbuna ba su san sunana ba. Kai ka sani." Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya kama hannun liman suka fita.

Na bi shi da ƙullin geron har bakin titi. Ya ce in riƙe, kyauta ba ta komawa. Na kai gida Isa, matata ta daka ta yi fura, na sha, yara suka sha. Gero ne mai kyau, ba zan yi masa ƙarya ba.

Bai yi fushi da ni irin wanda ake gani ba. Idan na je gaisuwa yana amsawa, yana tambayar yara, yana sa Inna ta kawo mini ruwa. Ya dai daina ce mini malam mai na'ura, ya daina zuwa gindin dogonyaro, kuma bai sake cewa in buɗe jaka ba. Na yi ta jiran ranar da zai zage ni in huta, ranar ba ta zo ba.

Da bazara ta zagayo aka ce kowa ya zo a sabunta rajista, ido da ido. Na yi niyyar in cike tasa da kaina in hutar da shi. Ina ɗaga kai da hantsi sai na hango shi a cikin layi, a rana, ya ƙi yarda a ba shi wuri a gaba. Da layi ya zo kansa ya zauna a kan benci kamar kowa, ya ɗora hannuwa a gwiwa. Na tambayi sunansa, don haka takarda ta ce, ya faɗa. Na tsaya. Na bayansa ya ce malam a yi sauri rana na yi. Na ce, "Daga ina?"

Ya dube ni, sannan ya faɗi sunan unguwar. Ban tambaye shi gida ba, amma ya faɗa, ya ambaci sunan mijin 'yarsa cikakke, da bakinsa, karo na farko da na taɓa ji. Na buga. Na'ura ta karɓa nan take, layin ya koma kore, babu ƙa'idar da ta ce uffan. Ya ce, "Shi ke nan?" Na ce shi ke nan, Kawu. Ya tashi ya ba na bayansa benci.